Ranar da Sumie Ta Ba Su "Nu"

Sumie Kuwabara 'yar mai ƙona gawayi ce daga ƙauyen da ke saman garinmu, kuma ba don muryarta ba, da can za ta tsufa tana ɗaure buhuna. Tana gama makaranta wani kamfanin motocin yawon buɗe ido ya ɗauke ta, aka ba ta hula da farar safar hannu da usur mai igiya. A wancan zamani kowace bas da yarinyarta. Ita ke tsayawa a gaba ta juya wa hanya baya, ta faɗi sunan kowane dutse, ta rera waƙa, ta shafa bayan mai amai. In direba zai ja da baya kuwa, ita ke sauka ta koma bayan mota ta zame masa ido. Busa biyu gajeru, taho. Busa ɗaya doguwa, tsaya.

Yanzu ta tsufa, tana sayar da kabeji mai tsami a bakin tasha, jikokinta na tsokanarta wai ko kyanwa ce ta yi atishawa sai ta zabura. Marasa kunya! Gaskiya ne, matsoraciya ce tun tana yarinya, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Amma su da suke dariya ba su taɓa tsayawa inda ta tsaya ba.

Babban makaminta a aiki wani wasa ne. Sai ta raba fasinja gida biyu, dama da hagu, ta jefa musu gaɓar kalma ɗaya. Kowane ɓangare ya rero waƙar da sunanta ya fara da wannan gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kasa shi ne zai cuɗa wa ɗan'uwansa baya a wurin wanka. In ta ba su "a" ko "ha", ai ta huta ke nan, don waƙoƙinsu ba sa ƙarewa, har a isa masauki ana abu ɗaya.

Wata shekara da kaka, bayan an gama tsinkar tuffa, aka ba ta ƙungiyar matan manoma za su wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi a bayan duwatsu. Shugabarsu Inna Chiyo ce, gajeruwar tsohuwa mai bakin tsiya. Direba kuwa Baba Nagumo, mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba. Tun safe ake ruwa. Da la'asar, suna kan wata siririyar hanya, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, Baba Nagumo ya taka birki. Ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya da itatuwanta, kuma ba ta gama zubowa ba.

Ya yafuto Sumie, ya yi ƙasa da murya. "Yarinya, ba wurin juyawa. Baya za mu koma har inda hanya ta buɗe. In muka tsaya nan, dutsen zai same mu."

Ta waiga. Mata kuwa sun soma miƙewa suna leƙe, wata na kiran sunan 'ya'yanta, wata na neman a buɗe mata ƙofa ta fita.

"Zaunar min da su," in ji shi. "Ko ta yaya."

Ta ɗauki abin magana, ta ƙaƙalo murmushin da aka koya mata. "Iyayena, ƙaramin abu ne, baya kawai za mu ɗan ja. Kafin nan a yi wasanmu. Ga gaɓarku: ha."

"Kai, kai, kai!" Inna Chiyo ta katse ta. "'Yar nan, yaran goye kika ɗauke mu? Ha kuma? Ko jikata mai majina ta iya wannan. Ba mu mai wuya in kin isa."

Tsoro da haushi suka haɗu wa Sumie wuri guda. Ta ce a ranta, ga mutuwa a ƙofa, wannan tsohuwa na neman suna. "To Inna, nu. Mu ga ta tsiya. Kuma kada wadda ta yi shiru sai na dawo."

Ta sauka. Ta matse jiki tsakanin mota da dutse har maɓallin rigarta ya tsinke, ta fito ta baya. Hazo ya rufe ko'ina, daga ƙasa can sai rurin kogi. Ba ta yarda ta dubi wajen ba. Ta sa usur a baki, ta busa biyu, motar ta soma tahowa a hankali.

Daga ciki waƙa ta tashi. Matan yankinmu kuwa, in mai hula ta ce a yi abu, yi suke da iya ƙarfinsu. Ga tsoro na cin su, sai suka juye shi duka a maƙogwaro. Tafi, dukan kujera, buga ƙafa. Dama ta gama, hagu ta karɓa. Sumie har ta ji sanyi a ranta, ta ce dabara ta yi.

A wata kwana ta waiga, sai ta ga gefen hanya babu shi. Ruwa ya cinye, ya bar wani wawakeken gibi daidai inda tayar hagu za ta bi. Ta cika ƙirji da iska ta busa doguwa.

Motar ba ta tsaya ba.

Ta sake busawa har kunnenta ya yi ƙara. Motar na tahowa. Daga baya ne Baba Nagumo ya gaya mata cewa yana jin usur ɗin, amma tafin matan yana yanka shi gunduwa-gunduwa, yana isa kunnensa kamar gajeru, taho, taho. Madubinsa kuwa ba abin da ke ciki sai hazo.

Wayyo! Ta daki bayan motar da tafin hannu, amma a ciki ma dukan ake yi. Ta yi tsalle tana ɗaga farar safa, gilashin baya ya yi gumi da numfashin mata, ba mai ganin ta. Ta nufi gefen dutse don ta ruga gaba, motar ta riga ta karkato ta toshe wurin. Nan ta gane da bakinta ta ce kada su yi shiru. Ta kafa kafaɗa a jikin ƙarfen tana turawa, kamar mai son tare ambaliya da faifai, tana busa tana kuka, takalminta na zamewa a laka. Tsakuwa ta soma gangarawa daga ƙarƙashin tayar, tana jin faɗuwarsu, ba ta jin saukarsu.

Ɓangaren dama ya kai ƙarshen waƙarsa. Saura hagu, ɓangaren Inna Chiyo. Tafi ya ci gaba kaɗan yana jiran wadda za ta ɗauko, ya yi rauni, ya mutu. Waƙoƙin "nu" sun ƙare.

A cikin wannan shiru usur ɗin Sumie ya ratsa motar. Birki ya yi ƙara. Da ta sunkuya ta duba, rabin faɗin tayar a kan iska yake.

Baba Nagumo ya ɗan ja gaba, ya fito ya ga gibin da idonsa, ya cire hularsa. "Kada ki gaya musu," ya ce. Da ƙyar suka lallaɓa motar ta jikin dutse, tana gogar fenti, wannan karon taga a buɗe, ya zuro kai waje. Sai da suka kai inda hanya ta buɗe Sumie ta hau, jiƙe sharkaf, leɓenta na jini inda ta ciji usur.

Ta tarar da ɓangaren dama na shewa, Inna Chiyo kuwa ta cika ta yi fam.

"'Yar nan, kin cuce ni," in ji tsohuwar. "Akwai saura ɗaya, na rantse akwai, doguwa ce ma, uwata ke rera ta. Tana nan bakin harshena ta ƙi fitowa." Sai ta daki cinya, fuskarta ta washe. "Yauwa! Ga ta nan! Kash, da ta zo min ɗazu, ai da yanzu ba wannan zancen ake ba!"

Ta buɗe baki ta soma rerawa, hagu duka suka kama mata da tafi. Sumie ta zame ta zauna a matakalar ƙofa, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.