Ɗakin Rahamatu Ba Shi da Ƙyaure

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan Maris ɗin bara, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, aka kawo ƙarshen firgita a Matameye da kewaye. Haka rapor ɗin furoje, wato rahoton shirin taimakon mata, ya ce a shafi na arba'in da biyu: mata sittin da huɗu aka karɓa, mata sittin da huɗu suka warke. Rapor ɗin yana da bango mai sheƙi da hatimi biyu, saboda haka babu abin musu.

Malama Rahamatu ba ta karanta shi ba. Har yau, in ta idar da sallar asuba, sai ta yi shara, ta shimfiɗa tabarmi bakwai a jikin bango, ta zauna inda duk mai shigowa zai ga hannayenta biyu. Sai ta jira matan da suka riga suka warke.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana taya ungozoma aiki a likita, kafin wata ƙungiya ta zo da furoje ta kai ta Damagaram koyon abin da ake kira yoga: motsa jiki a hankali da lura da numfashi, don waɗanda aka zalunta har jikinsu ya daina yarda cewa abin ya wuce. Da ta dawo, limamin unguwarsu, Malam Nasrullahi, ya tare ta a bakin hanya.

"Rahamatu, wannan yoga taku, me ake bauta wa a ciki?"

"Miƙa ce, Malam. Irin wadda kake yi in ka tashi daga barci, sai dai a hankali."

"To ashe na daɗe da zama shehi a fannin, ban sani ba."

Daga ranar sunan abin ya koma miƙa. Dokokinta kuwa kanta ta sa wa. Ba ta rufe ƙofa. Ba ta tsayawa a bayan mutum, ba ta taɓa kowa, ba ta cewa a rufe ido. Duk abin da za ta ce a yi, sai ta ƙara da "in kin ga dama". Matan, waɗanda ba su saba a tambaye su damarsu ba, sun ɗauka ba ta iya aikin ba ne. Balki mai ƙosai, wadda ta fi kowa baki a cikinsu, ta taɓa ce mata, "Malama, ki ce mu yi kawai, mu yi. Wannan 'in kin ga dama' ai rikita mutum yake."

Ɗaya daga cikin matan, Najaha, daga Yauri take zuwa, wani gari kusa da Matameye. Shekarar da hatsi ya ƙi, ta bi mata zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka. A hanyar dawowa, mutanen da suka yi alkawarin ƙetare hamada da su suka kulle su a wani ɗaki kwana tara. Ba ta taɓa faɗin abin da ya faru a ciki ba, Rahamatu kuma ba ta taɓa tambaya ba. Abin da aka sani shi ne, tun da ta dawo ba ta sake kwanciya ba. A zaune take barci, bayanta a bango, idonta a ƙofa.

Wata uku ta yi tana tsayawa a bakin ƙofar ɗakin miƙa, takalmanta a hannu. Daga baya ta shigo ta zauna. A wata na goma sha huɗu ta miƙe ƙafafu, ta sa bayanta a tabarma. Balki ta ce ta ƙirga: numfashi goma sha ɗaya ta yi a kwance. Rahamatu ko ɗaga kai ba ta yi ba, don kada kallo ya tashe ta.

Mako uku bayan haka aka zo bikin rufe furoje. Manya suka iso daga Yamai a motoci huɗu, da mai ɗaukar hoto. Sau uku Rahamatu ta ja Mushe Inusa, mai kula da furojen, gefe.

"Mushe, don Allah ƙofar nan kada a taɓa ta."

"Malama, kwana biyar muka yi muna atiliye, taron horaswa, a kan wannan, a otal. Kwantar da hankalinki."

Matan suka kwanta kamar yadda aka roƙe su. Mai hoto ya ce hasken ƙofa yana ɓata masa aiki, ga kuma wani jaki yana kuka a waje. Mushe Inusa, mutum mai son aiki ya yi kyau, ya tura ƙyauren da hannunsa, ya danna sakata. Maza shida daga cikin baƙin suka jeru a tsaye a kan matan. Babban baƙo ya yi murmushi ya ce, "To, ku rufe ido, ku saki jiki."

Najaha ba ta yi ihu ba. Ta dai runtse ido, ta sandare. Kafin Rahamatu ta ratsa baƙin ta zare sakatar, ko minti ɗaya ba a yi ba, amma an riga an ɗauki hoton. Shi ne a bangon rapor: Najaha a kwance, ido a rufe, a ƙasa an rubuta cewa kwanciyar hankali ta dawo. Da ƙofa ta buɗe, ta fita ba takalmi, ba ta sake dawowa ba. Washegari furoje ya karɓi makullinsa da tabarminsa.

Rahamatu, gawo mai ganye da rani, ke ce kika sayo wasu tabarmin kika mai da aikin gidanki. Ke ce kika riƙa hawa kabu-kabu zuwa Yauri duk mako, ki zauna a tsakar gidan su Najaha, nesa da ɗakinta, ki yi numfashinki a hankali inda za ta iya ganin ki, ki tashi ki koma ba ki ce ta fito ba. Babu shafin da aka rubuta wannan. Mun gode, Allah ya saka. Mai son koyi da ke ba ya bukatar atiliye. Ya koyi tambayar mutum kafin ya taɓa ƙofa. Ba a sa ran za a yi tururuwa.

Gab da damina Najaha ta aiko Balki da saƙo. Balki ta yi ta juya bakin gyalenta kafin ta faɗa.

"Ta ce a gaya miki ba fushi take ba. Ta ce ƙofar da aka bari a buɗe, wani yana iya rufe ta."

Rahamatu ɗaki ɗaya gare ta tun rasuwar mijinta. A nan take kwana, a nan ake miƙa. Ta aika aka kira Sallau kafinta.

"Iya, gyara za a yi?"

"Cirewa za ka yi."

"Ruwa na tafe fa, ga ɗakin nan gabas yake kallo. Ga awakin maƙwabta, ba su san kunya ba."

"Na san su, Sallau. Cire."

Ya cire, ya jingine ƙyauren a bayan rumbu, yana girgiza kai.

Tun daga nan Najaha ta zo sau biyu. Ta tsaya a bakin ɗakin, takalmanta a hannu, ta daɗe tana kallon ramukan ƙusa a jikin katako, sannan ta juya. Damina ta yi kyau bana. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, Rahamatu takan fitar da katifarta ta shanya a kan katanga, ta kore ruwan ɗakin da tsintsiya, ta juya baya ta gama tarinta kafin matan su iso. Sannan ta shimfiɗa tabarmi bakwai.