Mai Addu'a da Ido Ɗaya

Ka yarda ko ka ƙi, ni ɗin nan na taɓa wanke tsohuwa da ranta har ta ɓace. In kana gardama hau mota ka sauka Gure, ka tare duk wanda furfura ta fara yi wa sallama, ka ce ina Ba'aren nan mai allurar dabbobi, mai hoto. Za su ba ka labarin har da gyara, don mutanen Gure ba sa mayar da magana yadda suka karɓe ta, sai sun jefa mata ƴar kanwa.

Daga Dogondutsi, ƙasarmu ta Arawa, aka aiko ni aiki, ina saurayi. Ni Kirista ne, ɗan Kirista. Ranar da na sauka na ga rairayin garin, na ce to, nan ne aka juye abin da ya rage bayan an gama shimfiɗa duniya. Rairayi a takalmi, rairayi a tuwo, in ka yi hamma a bakin kasuwa ka ci abincin rana ke nan. Ɗakin da na samu haya a gidan wata tsohuwa ne Babarbariya, mai sayar da dabino da kanwa. Tana ganin zanen fuskata ta ajiye mudu, ta ce yau Allah ya kawo mata bawanta har gida. Ka san tsakanin Arawa da Barebari wasa ne tun kakanni. Na ce a'a, ubangida ne ya zo duba dukiyarsa. Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinta ba, sai "bawana". Ni kuwa in ina jin yunwa in ce Iya, in na ƙoshi in ce baiwata.

Kamarar a hannun wani jandarma na saye ta, lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki. Ta zamanin pelikil ce, fim ɗin nan da ake sa wa kamara, wanda sai ka cika shi ka ba direba ya kai Damagaram a wanke, kai kuma ka zauna jira kamar mai jiran haihuwa. Abin ya shiga jinina. Tsakanin Gidigir da Gamu babu jakin da ba shi da hoto a ɗakina. Sai in je rijiya yi wa shanu allura, makiyayi ya kayar da sa yana haki yana jirana, ni ina can na durƙusa ina lallashin raƙumi ya juyo da fuska. Kwarin dabino da hantsi, mata masu jan guga, tudun rairayi da la'asar in ya yi ja kamar an zuba masa manja, duk na kwashe.

Amma waɗanda na fi ɗauka ƴan majami'armu ne. Ɗaki guda ce, in mutum biyu suka kwana da zazzaɓi sai fasto ya yi wa benci wa'azi. Kuma dukanmu baƙi ne ma'aikata: malamin makaranta da muke kira Mushe, ungozomar asibiti, soja, da wanda hanya ta jefo. Da ka saba da muryar mutum a cikin waƙa sai canji ya zo ya ɗauke shi. Ni kuwa kafin gwamnati ta ɗauke mutum na riga ta. Bangon ɗakina ya fi majami'ar cika.

Mai hoto yana da ɗabi'a guda, rufe idon hagu ya bar na dama. Ban san ta bi ni har wurin sujada ba. Wata Lahadi fasto, wani dattijo mutumin wajen Maraɗi, ya ce mu rufe ido mu yi addu'a. Daidai lokacin hasken ƙofa ya sauka a kan jaririyar ungozoma tana barci a baya, baki buɗe. Wa zai rufe ido biyu a kan wannan? Da aka tashi ya ja ni gindin bishiyar bedi.

"Ɗana," ya ce, "wanne idon ne na Ubangiji, wanne ne na Damagaram?"

Na ce Baba, da wane idon kai ka gan ni? Ya ce makiyayi ba ya rufe ido a kan garke, balle garken da ke da irina a ciki.

Maganar ta zo gaban manya. Mushe ya ce ai babu wani dogon zance, dokar Ubangiji ta hana yin siffar abin da ke sama da ƙasa, ni kuma ban bar na sama ba ban bar na ƙasa ba. Ungozoma ta ce to ya fara ɓamɓare nasa daga katin ɗan ƙasa. Soja ya ce shi ya yarda a hana, amma a bari sai bayan bikin aurensa. Fasto ya bar su suka gaji, sannan ya ce shi bai ga zunubi a takarda ba. Abin da ya sani, duk abin da mutum ya fara tunawa in ya farka, kuma shi ne na ƙarshe kafin barci, ya hau kujerar da ba tasa ba. Ya ce in ajiye kamarar zuwa Nowel, bikin haihuwar Almasihu, mu ga tsakanina da ita wa ke rataye da wani. Lokacin ko shuka ba a yi ba. Na miƙe gaban jama'a, bakina ya riga hankalina, na yi wa Ubangiji alkawari.

Na san in tana ɗakina ba za mu kai Laraba ba, sai na kai wa Iya ajiya. Ita ce mutum guda a unguwar da ban taɓa ɗauka ba. Ba roƙon da ban yi ba. Kullum amsarta ɗaya: ita zan naɗe in ba direba ya kai Damagaram a wanke? Ba a wanke ta sai ranar da ta mutu, kuma ranar ma ba Ba'are zai yi ba. Da na faɗa mata dalilin ajiyar ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, ta ce ashe akwai ranar da malaminta da nawa za su yi baki ɗaya. Ta naɗe kamarar a tsohon kallabi, ta sa a adakarta ta kulle.

Daminar nan kamar da gayya ta yi kyau. Tuddan da na sani tsirara suka yi kore, ruwa ya kwanta a kwari, raƙuma na tsaye a ciki suna kallon kansu. Ina tafe a kan babur yatsana na dannawa a iska shi kaɗai. Na rame har wandona ya fara neman wani maigida. Da yamma, da ba ni da abin gogewa da hurawa, sai in jawo tabarma ƙofar ɗakin Iya. Tana tsince dabino, kaskon turaren wuta na hayaƙi a gefenta, tana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya, ina rama wa. A nan na lura in za ta yi ƙarya a ciniki girarta ta hagu ke fara ɗagawa. A nan na ji tana da ɗa guda, ya tafi Libiya tun gashinta da sauran baƙi. Duk shekarun da na yi a gidan ban san wannan ba. In ta ambace shi sai ta ƙara turare a kasko, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Da kaka ta yi ƙafafunta suka ƙi. Ƙanenta da ke wani ƙauye bayan Kelle ya aiko cewa da an gama ɗaurin hatsi zai zo ya tafi da ita. A tsakanin nan wani matafiyi ya sauko daga arewa da saƙon ɗan, wai yana son ganin fuskar uwarsa, in da hali a ba matafiyin hotonta kafin ya koma.

Na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ita zaune tsakar gida a kan sabuwar tabarma. Kitson nan nasu na Barebari ya sha mai, baƙin zane mai sheƙi, azurfa a wuya, haƙora jawur da fure. Kamara a gabanta.

"Bawana, zo ka ɗauke ni."

Ta ce ta kula mini da ita kamar jinjiri, kowace Juma'a sai ta kakkaɓe ta ciki da waje ta turara, don a Gure abin da aka rufe shi rairayi ya fi so. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, hankalina na kan alkawari. Na ce Iya, Nowel da saura. Ba ta yi gardama ba. Ta nuna inuwar katanga, ta ce tana nan zaune har inuwar ta taɓa randa, in ta taɓa za ta je ta kwance kayan mutane da ta aro.

Gudun da na yi zuwa gidan fasto, har yau akwai karnukan da ke ba jikokinsu labari. Na same shi yana liƙin tayar keke. Na zazzage masa komai. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce ba shi na yi wa alkawari ba, ya zaro makullin majami'a ya miƙo mini, ya ce in je in tambayi Mai shi. Na shiga na durƙusa, na matse ido biyu har suna zafi. Abin da na gani a cikin duhun nan Iya ce zaune a tabarma, haske na zuwa ta hagunta, azurfa na ƙyalli. Ko amsa ce, ko son zuciyata ne ya sa rigar amsa, ban sani ba har gobe. Mushe dai har aka canza shi yana cewa na biyun ne.

Na iso inuwa na shinshinar randa. Saura hoto biyu a pelikil ɗin da ke ciki. Na farko ta sandare kamar an ce sojan Faransa ne zai duba ta. Sai na ce ta ɗan kauda fuska, wannan zanen fuska na Barebari zai fasa mini gilashi. Ta buɗe baki za ta rama, dariya ta riga zagin fitowa, na danna. Na ɗauki hotuna sun fi rairayin Gure yawa, amma irin wannan ban taɓa ba. Na ji shi a ƙirjina.

Direba ya kai pelikil wanki, muka shiga jira. Kullum sai ta tambaya ko an gama wanke ta, ko sabulu ne ya ƙare a Damagaram. Ranar da ambulan ya iso, ranar ce ƙanenta ya zo da motar kasuwa, an riga an ɗaure adaka a sama. Na buɗe a tasha. Babu hoto ko ɗaya, sai pelikil baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Direba ya ce mai wankin ya ce a gaya mini wani ya buɗe cikin kamarar, haske ya cinye komai. Na kai kamarar hancina. Turaren Iya.

A duk Gure ranar babu mai pelikil ko na magani, sai an aika Damagaram. Mota kuwa ba ta jiran Damagaram. Matafiyin ya koma arewa hannu wofi. Iya ba ta ga wata kakar ba, labari kawai ya iso mu a bakin masu kanwa.

Yanzu kowa mai hoto ne, har faston da muke da shi sai ya ɗaga salula ya ɗauki kansa kafin ya hau wa'azi. Samarin majami'a kan zo su tambaye ni ko ya kamata mai bi ya bar wannan abu. In ce musu su je su tambayi Mai shi, ni na tambaya na ga abin da na gani. Kamarar na nan a kan kabad, ban sayar ba, ban kuma ƙara sa mata pelikil ba. Ban yi wani sabon alkawari ba, hannun ne dai ya mutu. In aka ce a rufe ido yanzu biyu nake rufewa, tsohon fastona da yana raye da ya yi murna. Abin da bai sani ba, nan ne kaɗai wurin da hoton nan ya fito. Wata rana sai fuskar ta ƙi zuwa sosai, sai azurfar da jan haƙoran, in yi ta matse ido har a ce amin ban ji ba.

Ban taɓa gaya mata turarenta ne ba. A tashar nan tana zaune gaban mota, ƙafafu a naɗe da tsumma, na miƙa mata pelikil ɗin ta taga, na ce Iya, ba ki fito ba. Ta karɓa da yatsa biyu, ta ɗaga shi saitin rana, ta bi shi daga wannan baki zuwa wancan tana neman kanta. Girar hagu ba ta motsa ba. Ta cusa shi a bakin zane ta ƙulle, yaron mota na bugun ƙofa, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Dama na faɗa. Tsohuwa guda aka ba ka wanki, bawan banza, ka dirje ta har ta ƙare. Gobe ko tsumma kar wanda ya ba Ba'are."