Motar da Aka Yi wa Fenti Saboda Baƙo

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni duba motar Baba Sale ba, ko da yake an kwana biyu, wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a sashen adana kayan tarihi ba. Ƙa'idarmu ita ce ba ma ɗaukar nauyin abu sai an tabbatar da wanda ya ƙera shi. In mota ce, shaidar tana jikin ɗan ƙarfen da ke gabanta, mai ɗauke da sunan kamfani.

Baba Sale yana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu. Motar ta mahaifinsa ce. Mahaifin ya saye ta ne a hannun wani Bature mai awon gyaɗa, wanda ya ce wani ƙaramin kamfani ne ya ƙera ta a Ingila, bai yi nisa ba ya rufe, kayan gyaranta suka ɓace. Ranar tashi, shanu ne suka jawo ta. Tsoron Baba Sale shi ne bayan ransa 'yan gwangwan su sassare ta.

Na aika cewa ina tafe. Da na isa sai na tarar da motar tana ƙyalli da koren fenti. Ashe mutanen gidan sun ga bai dace baƙon gwamnati ya same ta cikin tsatsa ba, suka kira mai walda ya kankare ta tas. Ɗan ƙarfen nan, da ya ga ya ruɓe, ya ɓamɓare ya yar. Muka tone juji har la'asar, ba mu gan shi ba. Na tambayi Baba ko ya riƙe sunan, ya ce shi bai yi boko ba.

Daraktanmu ya ce in sa sunan duk kamfanin da na sani, wa zai bincika? Na ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron rubuta abin da ban gani ba." Ba a karɓi motar ba.

Da na kai wa Baba labari, sai ya ce, "Ɗana, garinmu yana ƙarƙashin ruwa, maƙeranta sun shuɗe. To, sunan ma ya bi su ke nan."

Tun daga nan na gane cewa a aikinmu, karamcin mutanenmu kan yi ɓarnar da tsatsa ba ta yi ba. Duk inda za ni, saƙona na farko shi ne kada a goge komai.

Baba ya tsufa ƙwarai, motar tana nan a rumfarsa. Wanda ya gan ta kafin fenti, in ya tuna ko da harafi ɗaya, ko ya ga inda na kuskure, don Allah ya sanar da ni tun yana raye.