Sulhun Baba da Mai Kare

Wata Asabar cikin watan Mayu na 1982, ina durƙushe a filin da ke bayan gidanmu na unguwar Glenwood, a ƙasar Turawa, ina cire ciyawa tsakanin kunyoyin kuɓewa, sai na ji kacau-kacau ɗin sarƙa. Da na ɗaga kai, ga wani ƙaton Bature yana kafa turken ƙarfe a gindin bishiyar da nake ɗaure igiyar tsallena, ga kuma baƙin kare yana sansanar yakuwar Mama. Shekarata goma a lokacin. Na kwasa a guje da takalmi ƙafa ɗaya.

Gida ɗaya ne aka raba biyu, mu a ɓangare guda, Baturen nan, sabon ɗan haya, a ɗayan, filin kuwa na tarayya ne. Kafin zuwansa ba mai takawa sai mu. Mama ce ta sare shi da fartanyar aro, ta shuka yakuwa da alayyahu da kuɓewa da tattasai, a nan take shanya, a nan ni da ƙanena Nura muke langa da 'yar gala-gala har magariba ta yi. Ba ta jin Turanci, ba ta tuƙi, ba ta da maƙwabciyar hira. Wannan ɗan fili shi ne duk fitar da take yi.

Baba kuwa digiri na uku yake yi a tarihin Turai. Falonmu cike yake da katunan rubutu da littattafan da aka hana mu taɓawa. Kundinsa a kan yadda wani shugaban Jamus mai guntun gashin baki ya riƙa lamushe ƙasashen maƙwabta ne, manyan Turai suna lallashinsa har yaƙi ya ci duniya. Bayan cin tuwo yakan ba mu labarin da Hausa, yana kaɗa cokali, yana cewa, "Duk wanda ka ba yanki don ya yi shiru, gobe da yunwa zai dawo." Ni a lokacin gani nake babu jarumi kamar Babana.

Shi ya sa na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ga yadda za a tumɓuke turken nan. Baba ya sa hula, ya fita, suka tsaya da mutumin a baranda. Da ya dawo sai ya ce an daidaita, kusurwar bishiya ta kare ce, sauran namu. Ya sa Mama ta soya waina, aka rufe a kwano mai kyau, aka aike ni da ita, don a gidanmu ba a barin sabon maƙwabci bai ɗanɗana girkin gida ba. Mai Kare, kamar yadda muka sa masa suna, ya karɓa ya rufe ƙofarsa. Washegari na ga kwanon Mama a gaban karen.

Ba a yi wata ba ya turo wata matacciyar mota ya ajiye a kan kuɓewar. Baba ya sake sa hula. Aka sake daidaitawa, aka sake aikena, wannan karon da dambun nama. A jikin gilashin motar ne na ga alamar nan mai lanƙwasassun hannuwa huɗu, irin ta mutanen shugaban Jamus ɗin da ke cikin littattafan falo. Na gaya wa Baba, sai ya ce in rufe bakina. Daga baya na fahimci bai manta da mutanen da masu irin wannan alamar suka harbe a kan titi a garin nan ba, shekara biyu da 'yan watanni kafin nan, kuma ba abin da yake taƙama da shi sai bizar ɗalibi.

Da zafi ya tsananta sai aka ƙara wa sarƙar tsawo, har karen yana kwanciya a matakalar ƙofarmu ta baya. Ya lashi butar alwala, ya ja zanin da aka shanya. Aka kulle ƙofar, aka jingina mata kujera. Shanya ta koma banɗaki, wasanmu ya koma ƙarƙashin tebur, gidan ya riƙa warin danshi. Mama takan tsaya a tagar kicin tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, tana kallon yakuwarta tana bushewa. Na tsani karen, na tsani mai shi, kuma abin da ya fi ci mini rai, na fara jin kunyar Baba.

Wata rana da la'asar yana ba mu labarin taron da aka yi a 1938, inda manyan ƙasashe huɗu suka zauna suka yanka wata ƙaramar ƙasa suka miƙa wa Jamus. Mama, wadda ba ta taɓa sa baki a hirar nan ba, ta ce, "Malam, su masu ƙasar an tambaye su?" Ya ce, "Ina! Ko ɗakin ba a bari sun shiga ba." Ta ce, "To." Ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga ranar bai sake ba mu labarin Jamus ba, a gidan nan kuma muka ƙara shekara guda ƙofar tana kulle.

Yau ina zaune a garin Pleasant Garden, filina ya ninka wancan sau goma, ba abin da ke cikinsa sai ciyawar da ake aske wa kowane mako. Baba ya rasu, Mama ta koma gida, kuma ba ta sake shuka ko tattasai ba. Na girma na san nauyin iyali a ƙasar mutane, na daina ganin laifinsa a kan tsoron da ya ji. Wataƙila da ni ce, ni ma da na ba da filin. Amma da na kira Mama barandar kafin a daidaita.