Layi Ɗaya da Ya Kori Bulus

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kori Mista Bulus ba, don ina tsaye aka miƙa masa takardar.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aikin kula da kwamfuta a wani ofishin lura da ruwan kogi a Haɗeja. Mataki na huɗu nake a albashi, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Bulus mutumin Filato ne. Aikinsa ya hau keke safe da yamma, ya je ya duba sandar awo da ke kafe a kogi, ya rubuta tsawon ruwa a littafi. Da wannan lambar ake gargaɗin manoman shinkafa har Kirikasamma.

Sai aka kawo sabon inji mai ƙwaƙwalwa biyu, aka haɗa shi da ma'auni a bakin ruwa. Injiniya Sabo daga Kano ya rubuta masa umarni. Ƙwaƙwalwa ta farko ta karɓi awo, ta rubuta a ma'ajiya, sannan ta ɗaga tuta. Tutar nan ɗigo ɗaya ce, ko sifili ko ɗaya. Ta biyu in ta ga tuta a sama, sai ta ɗauki lambar ta buga a takarda. Injiniya har alfahari yake, wai ɗaga tutar bugu ɗaya ne, babu mai kutsawa tsakani.

Damina ta kankama, littafin Bulus ya fara saɓa wa takardar inji, ba kullum ba, jefi-jefi. Manaja ya kira shi.

"Bulus, a ƙarƙashin bishiya kake zama kana ƙirƙiro mana lamba?"

"Ranka ya daɗe, dubi wandona, har yanzu a jiƙe yake."

"Inji ba ya ƙarya."

Shi ke nan, aka kore shi. Mutum mai 'ya'ya biyar.

Abin ya tsaya mini a wuya. Na kwashe takardun inji na wata biyu na jera a ƙasa, na gwada da littafin Bulus. Duk ranar da aka samu saɓani, lambar safiya ta inji daidai take da ta jiya da yamma. Tsohuwar lamba yake maimaitawa! Na ɗauko littafin da ya zo da injin, na yi ta tuntuɓe da Turanci har na gano wurin. Masu ƙera injin sun faɗa ƙarara: ɗaga tuta bugu ɗaya ne, amma bai ɗauki alkawarin cewa abin da ka rubuta kafinsa ya riga shi isa ba. Wani lokaci tuta kan riga lamba. Sai an sa shinge tsakaninsu, layi ɗaya tak, mai cewa a gama rubutu kafin a ɗaga.

Na kai wa Injiniya littafin. Ya karanta wurin sau biyu.

"Malam Hamza, wa ya ba ka izinin taɓa littafin nan?"

"Yallaɓai, an kori mutum a banza."

"Kai dai share ƙurar inji. Wannan ya fi ƙarfin karatunka."

Mako na zagayowa na duba umarnin, sai ga layin ya shiga. Inji ya daina maimaita tsohuwar lamba. A rahotonsa Injiniya ya rubuta "gyaran yau da kullum". Na je wa Manaja, ya ce fayil ɗin Bulus ya riga ya tafi hedkwata, in kuma ina son nawa ya bi shi, in ci gaba da magana. Na yi shiru. Ni ma ina da iyali, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Ku yaran yanzu da ke wannan aiki, ku ji. In kun ga alamar "an gama", ku tambaya wa ya tabbatar aikin ya riga alamar isa. Inji ana gyara shi da layi ɗaya. Mai digiri kuwa ya gwammace gidan wani ya kwana da yunwa da ya ce "ni na yi kuskure".