Fedar Dogo

Kawu Gwiwa ake kiransa, domin duk wanda ya shigo shagonsa da keke, kafin a gama gaisawa ya tambayi lafiyar gwiwarsa. Da ƙuruciya ya yi tsere da keken aro da bai dace da ƙafafunsa ba, gwiwar hagu ta lalace, ya koma gyara. Har yau da ɗingishi yake zagaya shagon.

Yana da tasa hanyar aiki. Yakan watsa ruwa a bakin ƙofa, ya ce ka cire takalmi ka taka, ka wuce kan busasshen siminti. Sai ya tsuguna ya duba sawun. Kekunan tsere, in ji shi, kusan duk a matse ake ƙera tazarar da ke tsakanin fedarsu biyu, amma ba kowa aka halitta a matse ba.

Ɗana Dogo a buɗe yake tafiya. Da Kawu ya ga sawunsa sai ya ce, "Kai da agwagwa, wa ya koya wa wani?" Ya sa masa feda mai dogon ƙarfe, ya ƙara zobba a gindinta, ƙafafun suka sami wuri.

Bara ciwon ƙoda ya ɗauke Dogo. Ƙanwarsa Auta, ita ma doguwa, ta nemi keken. Na yarda, da sharaɗin ba za a canza komai ba. In ta fita da safe nakan tsaya a taga. In na hango ta ta baya, da ƙafafun a buɗe, hawan Dogo nake gani.

Sai ta fara dafa bango in za ta hau bene.

Sarƙa kawai muka je gyarawa. Kawu ya kalli yadda ta sauko daga keken, ya ɗauko bokiti.

"'Yata, cire takalmi."

"Kawu, wanka za ka yi min?"

"In kin kawo sabulu. Taka."

Sawunta ya fito kusan a layi ɗaya. Ya daɗe a tsugune.

"Yallaɓai, fedar yayanta ce. Tana tale mata ƙafa."

"Na sani."

"Abba ya ce kar a taɓa," in ji Auta. "Ba ya min ciwo sosai."

"Haka ni ma na ce wa tsohona," in ji Kawu. Ya koma kan sarƙar, ya wanke ta, ya sa mai, ya juya taya. Ina tsaye ina kallon tayar har ta tsaya.

Na ce, "Cire fedar."

Aikin bai ɗau lokaci ba. Ya tambaya ko ina son tsofaffin, na ce ban sani ba. Ya naɗe su a tsumma ya ɗora kan teburinsa.

Auta ta hau, na bi ta a mota. Gwiwoyinta suna hawa da sauka a miƙe. Yanzu wata budurwa ce kawai a kan keke, tana kauce wa ramuka. A mahaɗa ta ɗaga hannu za ta yi dama, ni ma na kunna sigina.