Kurungun Aji Mai Wankin Hula

Aji mai wankin hula ba shi da ciwon da ya wuce bakinsa. Ba gulma yake ba, ba zagi ba, kyauta ce ta yi masa katutu. Ka ce agogonsa ya yi kyau, kafin ka rufe baki ya kwance ya miƙo maka: "Naka ne." Haka aka rene shi a Baga, in ji shi, kuma gudun hijirar da ya kawo shi unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya bai rage masa wannan hali ko kaɗan ba. Ni maƙwabcinsa ne, takalmin da ke ƙafata ma yabawa kawai na yi.

Abu ɗaya ya taɓa saya wa kansa don marmari, akwatin gilashi na kifin ado, ya girke shi a falo. Ya ce wanda ya tashi a bakin tafki ba ya sakewa in bai ga ruwa na motsi ba. Ya zuba ƙananan kifaye masu walƙiya, amma akwatin ya tsaya fayau kamar biki ba amarya. Desmond, mai kawo kifin ado daga Jos, ya ce sai an sa babba guda a tsakiya: wanda ba zai haɗiye ƙananan ba, ba zai fatattake su ba, kuma zai ja ido.

To, kifi mai jan ido yabo yake jawowa. Na farko mai faɗi ne kamar faifai. Wani bakanike ya zo karɓar hularsa, ya ce masha Allah, ya fita da hula a ka, kifi a leda. Na biyu shuɗi ne, surukin Aji ya tafi da shi a cikin buta. Na uku ko suna ba a kai ga sa masa ba.

"Baban Ikhlas," in ji matarsa Rahinatu, "ranar da aka yabe ni, don Allah ka bari in ɗauko mayafina tukuna."

Aji ya yi dariya, amma abin yana cinsa. Na sha samunsa ya zuba wa tsakiyar akwatin ido, hular mutane na jiƙe a hannunsa.

Rahinatu ce ta je wurin Desmond da kanta. Ta ce, "Ba ni wanda ba ya faɗa, kuma wanda ko uwarsa ba za ta yabe shi ba." Desmond ya sosa ƙeya, ya samo mata ɗan kurungu wurin masuntan madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Launin taɓo, gashin baki irin na tsohon ɗan sanda, kuma iyonsa ma a birkice yake, ciki a sama. Bai kula ƙananan ba, su ma ba su kula shi ba. Baƙi sukan leƙa su ce, "Aji, kifinka ya mutu." Aji kuwa har kunne yake washe baki. Ya ƙaunaci mummunan kifin nan fiye da duk kyawawan da suka wuce.

Sai ga Baba Ngubdo, tsohon masunci, mutumin garinsu da ke zaune wurin ɗansa a unguwar Jekadafari, ya kawo hula. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe.

"Kurungu," ya ce a hankali. "Rabona da ganin mai rai tun ranar da muka baro Baga. Kai, kifin nan da kyau yake."

Muka ji ludayi ya faɗi a kicin. Bakin Aji ya buɗe da kansa: "Naka ne, Baba." Idonsa ya ciko, wallahi har ya ba ni tausayi. Tsoho ya fara waige-waigen leda. Sai Aji, yana gumi, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara magana.

"Amma Baba, ba ya jure tafiya. A nan zai zauna. Ka riƙa zuwa duba kayanka."

Baba Ngubdo kuwa mutum ne mai kula da dukiyarsa. Kullum yana nan, daidai lokacin sauke tukunya. Su zauna gaban gilashi suna Barbarci, suna musu kan wanda ya fi sanin tafki. Rahinatu ta ƙara awo, tana mita, amma ta ce gara wannan.

Jiya don tsokana na leƙa na ce kifin ya yi kyau. Aji ya buɗe baki, tsoho ya riga shi.

"Ba nasa ba ne. Ni kuma ba na kyauta."